Faɗuwar Kawu a hanyar Say: nazarin hatsarin keke ɗaya a Yamai

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai gadi ne a wani gida a unguwar Filato a Yamai. Mutumin Adar ne, daga wani ƙauye a gefen Tawa. Ci-rani ya kawo shi yana saurayi, ci-ranin ya zama zama. Yanzu ya haura shekara 55, yana haya a Kirkisoy a ƙetaren kogi, kuma kullum da keke yake zuwa aiki ya dawo, kimanin kilomita 7 da safe, 7 da yamma, ta Gadar Kennedy. A cikin azumin 2025, saura ƴan mintoci a sha ruwa, ya faɗi a kan hanyar Say. Ya karye a tsintsiyar hannun hagu, goshinsa ya tsage, tayar wani kamiyo, wato babbar motar kaya, kuma ta wuce kusa da kansa har ya ce ya ji iskarta a kunne.

Da aka kawo shi gida, kowa ya faɗi abin da aka saba faɗa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya kiyaye gaba. Ni ma haka na ce. To amma ni na yi jinyarsa, ni na ɗauko keken daga inda aka jingine shi, ni na kai shi gyara, saboda haka na samu sati shida ina jin labarin guntu-guntu, ina haɗawa da abin da keken kansa ya nuna. Kawu ba mai ganganci ba ne. Bai taɓa tsere da kowa ba, bai taɓa sakin hannu ba. Abubuwa uku da suka haɗu suka kayar da shi, dukansu yana yin su ne da sunan kiyaye kai, kuma dukansu daidai ne a ƙauyen da ya koyi keke. A kan kwaltar Yamai ne suka juya masa baya.

Keken da hanyar

Keken Phoenix ne baƙi, irin na Shanghai, mai manyan ƙafafu inci 28, giya ɗaya, birkinsa na sandar ƙarfe ne ba na waya ba. Na hannu ya saye shi a kasuwar Katako tun ina firamare. Keke ne mai ƙarfi, yana ɗaukar kaya kamar jaki, kuma duk mai gyaran da ke bakin hanya ya san cikinsa. Ba shi da fitila. Jan madubin baya mai mayar da haske ya fashe tuntuni. Sandar birkin gaba kuwa an kwance ta an ɗaure da waya a jikin kan keken, kuma Kawu da kansa ya sa a yi hakan.

Hanyarsa kashi uku ce. Daga Filato zuwa bakin gada kwalta ce, da gangara. Sai gadar kanta, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta mita 710, hanya ɗaya ta zuwa ɗaya ta dawowa, kuma a kanta taksi da faba-faba (ƙananan bas-bas na haya) da babura da amalanke da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni suke cuɗanya, wani lokacin har da raƙuma. An yi gada ta biyu a 2011, an ƙara ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021, amma ga wanda ƙafarsa ce injinsa, gadar da ta fi kusa ita ce gada. Kashi na uku shi ne daga Harobanda a bi hanyar Say, sai a sauka daga kwalta a shiga lungun yashi na ƴan mitoci ɗari zuwa ƙofar gida.

Wanda bai hau keke a Yamai ba, ba zai gane zancen yashi ba. Yawancin lungunan unguwanni ba su da kwalta. Iska tana kwaso yashi, ruwan damina yana gangaro da shi, tayoyin da ke fitowa daga lungu suna jawo shi kan titi, motoci kuma suna share shi da gudunsu zuwa gefe. A ƙarshe sai tsakiyar titi ta yi fes, gefen kuma, daidai inda mai keke yake bi, ya zama kwalta da aka yayyafa wa yashi. Wannan ya fi zallar yashi haɗari. A zallar yashi taya nutsewa take yi ta tsaya. A yashin da ke kan kwalta sulɓewa take yi, kamar an zuba gero a kan siminti an ce ka taka.

Ranar

A watan Maris ɗin ne aka yi ƙarancin man fetur a ƙasar nan. Layin motoci da babura ya fito daga gidajen mai har kan titi, Kawu yana wucewa yana yi musu dariya, yana cewa nasa man a cikin tuwo yake. Taksin da suka samu mai ba su da yawa, fasinja kuwa ga su nan, sai direbobin suka ƙara sauri da tsaye-tsaye.

A al'ada ƙarfe 6 yake tashi daga aiki, ya isa gida kafin 7 saura kwata, ya yi alwala a natse, tunda a wannan watan rana tana faɗuwa a Yamai wajen ƙarfe 7. Ranar maigidansa ya ba shi buhun shinkafa mai kilo 25 na azumi. Ya ɗora a kariya ya ɗaure da roba. Kafin ya kai gada tayar baya ta faɗa wani ɗan rami, ta yi faci. Ya tura keken zuwa wurin mai faci, aka sauke buhu, aka liƙe, aka mayar da buhu. Minti 25 suka tafi a nan. Da ya ƙetare gada ya tsaya ya sayi ƙanƙara, saboda Inna, matarsa, ta roƙe shi tun da safe. Ya rataya ledar a kan keken, ɓangaren hagu.

Saboda haka ƙarfe 7 saura minti 10 ta same shi a kan hanyar Say, a lokacin da duk mai abin hawa a garin nan yake ganin kofin kunu a gabansa. Yana tafe a can gefe, a kan yashin nan, kamar kullum. Wata taksi ta wuce shi ta hagu, ta dawo gabansa, ta taka birki don sauke fasinja. Ya ce tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tsawon mota biyu ba. Ta hagu ba dama, yana jin ƙugin kamiyo a bayansa. Ya damƙe birkin baya da ƙarfi. Tayar baya ta kafe ta fara ja, buhun ya rinjayi keken, ya karkata kai dama don ya kauce wa taksin, ledar ƙanƙara ta lilo ta daki cokalin gaba, tayar gaba ta shiga yashi mai zurfi ta juye. Keken ya yi dama, shi ya yi hagu, wato cikin titi. Ya tokare da hannu, hannun ya karye, goshi ya daki kwalta.

Direban kamiyon ya kauce da ikon Allah, ya tsaya a gaba, ya sauko hannu a ka yana salati. Mai taksin ya ja motarsa ya tafi, kuma har yau ina zaton bai ma san abin da ya bari a bayansa ba. Mutane suka janye Kawu zuwa gefe. Ana cikin haka aka kira salla, wani ya miƙa masa dabino da ruwan leda, ya sha ruwa a zaune cikin yashi, jini yana bin gemunsa, ƙanƙarar Inna tana narkewa a gefensa. Buhun ya fashe ta gefe ɗaya, wasu mata masu sayar da ƙosai suka tattara abin da ya tattaru.

Wani ɗalibi a wurin ya yi abin da ya dace, kuma ina so a lura da shi. Ya hana a miƙar da Kawu tsaye nan take, ya tambaye shi sunansa da unguwarsa don ya ga ko hankalinsa na nan, ya danne goshin da ƙyalle mai tsabta, ya tallafe hannun da kwali ya rataya masa a wuya da rawani. Da Kawu ya suma, ko ya yi amai, ko ya ce wuyansa na ciwo, abin yi shi ne a bar shi a kwance a kira sojojin kashe gobara a lamba 18, don su ne masu kwasar waɗanda suka yi hatsari.

Iskar taya

Mai gyaran da na kai wa keken matashi ne ɗan Dogon Dutsi, rumfarsa tana ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Da ya zaro tiyub ɗin baya sai ya kira ni: "Malam, zo ka gani." Faci tara muka ƙirga, kuma shida daga ciki biyu-biyu suke, gefe da gefe, kamar saran maciji. Ya ce ƙaya ko ƙusa huda ɗaya take yi. Huda biyu a jere alama ce ta taya mara iska: idan ta daki bakin rami, ƙarfen wili yana matse tiyub ɗin ya tsaga shi wuri biyu.

Na koma na tambayi Kawu. Ya ce ai da gangan yake rage iska idan zafi ya shigo, kada taya ta fashe. Wannan magana kowa ya taɓa jin ta a nan, kuma ba ƙarya ce zalla ba, don iska tana kumbura idan ta yi zafi. Tambayar ita ce da nawa. Idan aka ba taya iska da safe ana ma'aunin zafi 30, ta hau kwaltar rana ta kai 60, matsin cikinta yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai. Tayar da aka ba bar 3 (ma'aunin matsin iska ke nan) za ta koma wajen 3.4. Lafiyayyar taya ba ta fashewa a kan wannan. Wadda ke fashewa a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce 40, ita ce wadda gefenta ya riga ya tsattsage, ko tiyub mai tsohon faci da gam ɗinsa ya saki, ko wilin da ba shi da ƙyallen ciki, kan wayoyinsa suna sukar tiyub.

A ƙauye kuwa dabarar tana da amfani na gaske. Taya mai laushi tana baje a kan yashi, ba ta nutsewa. Kawu ya koyi keke a hanyar da duk yashi ce da tsakuwa, inda babu rami mai kaifin baki irin na fasasshiyar kwalta. A Yamai, cikin kilomita 7 ɗinsa, yashin bai kai rabin kilomita ba. Ya saukaka wa kansa ƙarshen hanya, ya wahalar da kansa a sauran, sannan ya ɗora kilo 25 a kai. Laushin tayar bai kayar da shi kai tsaye ba. Abin da ya yi shi ne ya cinye masa minti 25, ya ɗauke shi daga lokacin da titi yake da sauƙi ya jefa shi cikin mafi munin minti goma na yini.

Birkin gaba

A nan muka fi yin gardama. Kawu ya ce, da harshensa na Adar: "Wanga birki na gaba shi ka wuntsula mutum. Tun ba a haihe ka ba nike bisa keke, ban taɓa bukata tai ba." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ranar nan kun bukace shi." Ya yi shiru, ya juya fuska bango. Na ji kunya, amma ban janye ba.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin faba-faba aka taka birki: jiki gaba yake yi. Haka nauyin keke da mahayinsa yake komawa kan tayar gaba idan ana tsayawa. Tayar baya sai ta yi sakayau, tayar da ba nauyi a kanta kuwa ba ta kama ƙasa, ja take yi. Shi ya sa a kan busasshiyar kwalta mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake, kuma mai birkin baya kaɗai yana bukatar kusan ninki biyu na tazarar da mai birki biyu yake bukata.

Na zauna na yi lissafi da biro. A ce yana tafiyar kilomita 18 a awa, wato mita 5 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, hannu ya matsa, daƙiƙa ɗaya ta tafi, mita 5 ke nan. Da birki biyu masu lafiya a kan kwalta mai tsabta zai ƙara kamar mita 3 ya tsaya, jimla 8. Da na baya kaɗai zai ƙara 5 ko fiye, jimla 10 zuwa sama. Tsawon mota biyu wajen mita 9 ne. Tsakanin 8 da 10 ɗin nan hannunsa ya karye. Kuma lissafin duka na kwalta mai tsabta ne, shi kuwa a kan yashi yake, inda ko wane birki ba ya cin rabin abin da ya saba.

Tsoronsa ma yana da tushe. Wanda ya fizgi birkin gaba gaba ɗaya, hannuwansa a sake, zai iya tashi ta saman kan keke. Wanda ya matsa shi a cikin yashi ko a tsakiyar kwana, tayar gaba za ta zame, kuma zamewar gaba ba ta da magani. A hanyar ƙauye, inda ko'ina yashi ne kuma babu abin da zai tsaya maka kwatsam sai akuya, barin birkin gaba hikima ce. Maganin a birni shi ne a koyi hannunsa: a matsa a hankali sannan a ƙara, hannuwa a miƙe a tokare, a ja gindi baya a kan sirdi, keke yana miƙe ba a karkace ba. Idan an shiga yashi a sassauta na gaba, a taɓa na baya kaɗan-kaɗan, a riƙe kai sak.

Bakin hanya

Na ukun shi ya fi wuyar faɗa wa dattijo, don ya yi kama da a ce masa ya daina ladabi. Kawu yana lafewa a can ƙarshen gefe saboda yana ganin titi na masu mota ne, shi baƙo ne a kai. A ƙauye haka ake yi: mota ɗaya ce za ta wuce a yini, ka ji ta tun daga nesa, ka ratse ka ba ta wuri. A nan motar ba ta ƙarewa, saboda haka ratsewar ta zama mazauninsa na dindindin.

Duba abin da wannan ya jawo masa ranar. Yana kan yashi, birki ba ya ci. Ba shi da sauran fili ta dama da zai kauce, don ya riga ya cinye shi. Sannan ya nuna wa mai taksi cewa akwai wurin wucewa ba tare da an canza hanya ba, direba ya wuce shi kamar an wuce turken lantarki, abin da ka wuce haka kuwa ka manta da shi nan take. Da yana kamar mita ɗaya daga inda yashin ya ƙare, a kan baƙar kwalta, dole direban ya gan shi a matsayin abin hawa, ko ya jira a bayansa ko ya buɗe sosai ya wuce. Wannan mitar ce kuma ke raba mai keke da ƙofar motar da aka buɗe ba a duba ba.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Za a danna maka oda, wani ma ya leƙo ya yi maka baƙar magana. A Faransa doka ta tilasta wa mai mota ya bar tazarar mita 1 a cikin gari, mita 1.5 a waje, idan zai wuce mai keke. A Wagadugu manyan tituna da yawa suna da hanyar masu ƙafa biyu daban. Mai keke a hanyar Say ba shi da ko ɗaya a aikace, sai idonsa da kunnensa. Kuma akwai inda dabarar ba ta aiki: idan titi ya matse, babbar mota ta taho ba alamar za ta rage, sauka gaba ɗaya ka tsaya da ƙafa a ƙasa, wannan ya fi tafiya a kan yashi kana addu'a. Kada kuma a kuskura a shiga ta damar kamiyo a mararraba. Direban ba ya ganin wurin daga kujerarsa, kuma idan ya karya kwana tayoyin baya suna yanko ciki fiye da na gaba.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma sun sa hannu. Buhun yana kwance a gicciye, roba ɗaya ta riƙe shi, ya samu damar zamewa gefe. Kaya a kan keke, ko da kilo 2 na ƙanƙara ne, yana lilo ya juya maka tayar gaba inda ba ka nufa ba. Ga almuru, lokacin da rana ta tafi amma direbobi ba su kunna fitila ba, dattijo cikin riga ruwan ƙasa a kan baƙin keke. Ga mutum ya yini awa 13 bai sha ruwa ba, ya tura keke da buhu, ya hau gada. Daƙiƙa ɗayan da na sa a lissafina, ta mai ƙoshi ce.

Kada a ce na wanke mai taksi. Shi ya yi laifin, ba tantama: ka wuce mutum sannan ka tsaya a hancinsa ba ko sigina. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Mai ƙarfe a jikinsa shi ke da babban alhaki. Sai dai Kawu ba shi da ikon gyara direbobin Yamai, kekensa da hannunsa kawai yake da iko a kansu, shi ya sa na fi daɗewa a kansu.

Jinya da kuɗi

An ɗan ja a gida kan ko a kai shi wurin mai ɗori. Inna tana so, don ya fi araha kuma an san mutumin. Na dage a fara ɗaukar hoto, saboda tsintsiyar hannu gaɓa ce, idan ƙashi ya haɗe a karkace mutum zai rayu da hannun da ba ya juyawa. A asibiti aka ɗinke goshin, aka yi masa allurar tetanus, aka gyara ƙashin aka sa filasta na sati shida. Hoto, ɗinki, magani da kuɗin taksin zuwa da dawowa sun ci mana sama da jika 40, wato sefa 40,000. Mafi ƙarancin albashi a hukumance sefa 42,000 ne, kuma abin da Kawu ke ɗauka bai yi nisa da haka ba. Maigidansa ya yi halacci, ya yarda ɗan Kawu na fari ya riƙe masa gadin har ya warke.

Gyaran keken gaba ɗaya bai kai jika 10 ba: sabuwar tayar baya da tiyub, ƙyallen cikin wili, robobin birki huɗu, mayar da sandar birkin gaba, farar fitila a gaba da ja a baya masu caji, madubin baya, da kwandon ƙarfe da aka ɗaure a kariya don kada a sake rataya komai a kai. Mai gyaran ya wanke kacar da kananzir, ya ɗiga mata mai kaɗan, ya goge da tsumma har ta kusa bushewa. Ya ce baƙin man injin da Kawu ke malala mata shi ke kama ƙura ya zama kamar dutsen niƙa, yana cin kaca da haƙoran gaba ɗaya. Ya kuma ɗaga sirdin da kusan yatsa uku. Ma'auninsa mai sauƙi ne: ka zauna, ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak. Kawu ya shekara da shekaru yana tuƙi gwiwa a tanƙware, yana ɗora wa tsufa laifin ciwonta.

Filin ƙwallo

Da aka cire filasta hannun ya rame, ba ya iya matsa ko lemun tsami. Sati biyu yana murza ƙwallon roba yana juya hannun a ruwan ɗumi kafin mu yarda ya hau. Ni na san ba zai karɓi darasi daga ɗan ƴar'uwarsa a gaban mutane ba, sai na roƙi mai gyaran ya zo, muka tafi wani fili mai taurin ƙasa a bayan unguwa bayan sallar asuba, ba kowa sai awaki.

Yaron ya iya magana da manya. Bai ce zai koya masa ba. Ya ce, "Baba, ku gwada mini birkin nan, ina so in ga ko na ɗaure shi daidai." Ya ja layi a ƙasa, ya ce a taho a taka a kan layin da na baya kaɗai. Aka sa dutse inda keken ya tsaya. Aka sake da birki biyu, a hankali da farko, sannan da ɗan gudu. Kawu ya sauko ya auna tazarar duwatsun biyu da ƙafarsa, ya sake aunawa, bai ce komai ba. Da ya hau na gaba sai na ga ya ja gindi baya tun ba a tuna masa ba.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne waiwaye. Mutumin da ya shekara kusan arba'in a kan keke, ashe bai iya duba baya ba tare da keken ya bi kansa ba, don duk rayuwarsa da kunne yake tuƙi. Kunne kuwa ba ya gaya maka mota nawa ce, kuma ƙarar kamiyo tana rufe ta babur ɗin da ke gefensa. Na tsaya a bayansa ina ɗaga yatsu, shi yana tafe a kan layi yana waiwayowa ta kafaɗar hagu yana faɗin nawa ne. Kwana huɗu muka yi kafin layin ya daina karkacewa. Daga nan aka shiga miƙa hannu kafin kwana, wanda ya ce yana jin kamar ɗan sanda. Komawa aiki ma ba a yi ta rana ɗaya ba: ya fara da zuwa bakin gada ya dawo, sannan kwana ɗaya keke kwana ɗaya faba-faba, sai a sati na uku ya koma kullum. Ya roƙi maigidansa ya riƙa sakinsa 6 saura kwata a azumi mai zuwa, an amince.

Yanzu yana tafiya a kan baƙar kwalta, ba can ciki ba, amma ya bar yashin. Fitilar baya tana ƙyaftawa tun daga Filato, yaran unguwa suna ce masa jirgin sama. Iskar taya kuwa ina zargin yana ɗan sace kaɗan idan ba na nan, don na taɓa matsawa da babban yatsa na ji ta faɗa, ya ce bawul ne ke yoyo.

Hular kwano ce muka kasa. Na sayo masa ta keke, mara nauyi, mai ramukan shan iska, na nuna masa tabon goshinsa a madubi, na ce da tana kansa da ita za ta daki kwaltar. Ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ce ai wannan kwandon tsane shinkafa ne, kuma shi ba zai cire hularsa ya shiga gari da kai kamar ɗan tseren Burkina ba. Na ce a ɗora a kan ƙaramar hula. Ya ce zai duba. Tana nan rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa, kusa da carbi. Ranar Juma'ar da ta wuce na tarar da autansa ɗan shekara 12 ya kifa ta a ka, igiyar tana reto ba a ɗaure ba, yana zagaya tsakar gida da keken, ƙafarsa da ƙyar take kaiwa feda. Kawu yana zaune a tabarma yana yi masa tsawa: "Kai, da hannu biyu aka kama birki!"